Renon Ƙaramin Yaro da Sabon Jariri a Gida Ɗaya

Idan aka haifi jariri a gidan da akwai yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku, tsarin gidan yakan canja gaba ɗaya. Uwa tana jego, barci ya yi ƙaranci, baƙi suna ta shiga da fita, kuɗin da ake kashewa ya ƙaru. A cikin wannan hidimar, wanda aka fi mantawa da shi shi ne babban yaron, wanda jiya-jiya shi ne a bayan uwarsa. Wannan talifin ya bayyana bukatun yaran biyu, dalilin da ya sa babban yake canja hali, haɗurran da ya kamata a kiyaye, da kuma aikin da ya rataya a wuyan uwa da uba da dangi. Duk inda aka ce "yaro", bayanin ya shafi 'ya mace ma.

Bukatun yaran biyu ba ɗaya ba ne

Jariri yana bukatar nono da ɗumi da tsabta da barci. Yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, domin cikinsa ƙarami ne kuma nono ba ya daɗewa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idodin da ta fitar a shekara ta 2019, ta ce jaririn da bai wuce wata uku ba yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17, amma barcin a gutsure yake, ba ya bin dare ko rana.

Babban yaron kuwa bukatarsa dabam ce. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14, har da na rana, da kuma aƙalla awa uku na guje-guje da wasa a kowace rana. Yana koyon magana, yana so ya taɓa kome, yana so ya yi abu da kansa, amma bai iya danne fushinsa ba tukuna, bai kuma san haɗari ba. Abin da yake kwantar masa da hankali shi ne ya ga abubuwa suna tafiya yadda ya saba: lokacin cin abinci, lokacin wanka, wurin kwanciya, da mutumin da yake lallashinsa. Zuwan jariri yakan taɓa waɗannan duka a lokaci guda.

Me ya sa babban yake canja hali?

Iyaye da yawa sukan ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wanda ya iya cin abinci da hannunsa ya ce sai an ba shi a baki, wanda aka yaye ya nemi nono. Wani yakan yi ta kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani ya manne wa uwarsa, wani kuma ya yi shiru ya koma gefe. Wannan ba lalacewar tarbiyya ba ce. Yaron ya ga cewa mai kuka da mai kwanciya a cinya shi ake kulawa da shi, sai shi ma ya gwada hanyar.

Wasu masu bincike biyu, Judy Dunn da Carol Kendrick, sun bi iyalai 40 a garin Kambirij na ƙasar Ingila tun kafin haihuwar ɗa na biyu har bayanta, suka wallafa sakamakon a shekara ta 1982. Sun ga cewa yawancin 'ya'yan fari sun ƙara rigima da neman kulawa a makonnin farko, musamman a kan uwarsu. Sun kuma ga cewa da yawa daga cikin yaran sun nuna sha'awar jaririn, suna son su taimaka, wasu ma sun soma yin abubuwan da a da sai an yi musu. Wani abin lura kuma shi ne, a gidajen da uwa take yi wa babban bayani game da jaririn a matsayin mutum mai jin yunwa da gajiya da jin daɗi, yaran biyu sun fi shaƙuwa daga baya.

Saboda haka, kishi da ƙauna suna iya zama a zuciyar yaro ɗaya a rana ɗaya. A yawancin yara, canjin halin yakan lafa cikin makonni ko 'yan watanni.

Abin da za ku yi kafin haihuwa

Ku gaya wa yaron sa'ad da cikin ya fito sosai. Ƙaramin yaro bai san tsawon wata tara ba, don haka ku haɗa masa da abin da ya sani, kamar "bayan an gama girbi" ko "idan ruwa ya sauka". Ku gaya masa gaskiya: jaririn ba zai iya wasa da shi nan da nan ba, kuka da barci da shan nono ne aikinsa.

Duk wani babban canji, ku yi shi da wuri. Idan yaron zai bar gadon uwarsa ya koma nasa shimfiɗar, ko zai soma zama a fo, ko za a sa shi a makarantar reno, a yi hakan wata biyu ko uku kafin haihuwa, ko kuma a bari sai gida ya natsu. Idan aka tashe shi daga gado a daren da aka dawo daga asibiti, zai ɗauka cewa jaririn ne ya kore shi.

Ku tsai da wanda zai riƙe shi ranar naƙuda, kaka ce ko gwaggo ko maƙwabciya, kuma ya saba da ita tun yanzu. Uba ya soma karɓar wasu ayyukan, kamar wankan yamma da kwantar da shi, domin kada canjin hannu ya zo masa rana ɗaya.

Kwanakin farko da ranar suna

Sa'ad da yaron zai ga uwarsa karo na farko bayan haihuwa, yana da kyau wani ya riƙe jaririn domin ta rungume babban tukuna. Bayan haka a nuna masa ƙaninsa, a wanke masa hannu, a bar shi ya taɓa ƙafar jaririn a hankali.

Masu zuwa barka sukan yi wa yaro tsiya, su ce "an ƙwace maka mama" ko "za mu tafi da jaririnku". Ga babba wasa ne, amma ɗan shekara biyu yana ɗaukar maganar yadda aka faɗe ta. Ku roƙi baƙi su gaishe shi, su tambaye shi sunan ƙaninsa. Ranar suna kuwa, gida yakan cika, wuta tana ci a murhu, ƙofa a buɗe. A ware mutum ɗaya wanda aikinsa kawai shi ne ya sa ido a kan babban, ya tabbata ya ci abinci kuma ya yi barcin rana.

A gidajen da ake kunyar ɗan fari, uwa ba ta cika kiran sunansa ko nuna masa ƙauna a gaban mutane ba. Ko da kuna bin wannan al'adar, ku nemi lokacin da za ku ɗauke shi a cinya a cikin ɗaki. Minti goma ko sha biyar a kowace rana, wanda nasa ne shi kaɗai, yana rage rigima sosai.

Lokacin shayarwa ne yaro ya fi tayar da ƙayar baya, domin ya ga hannun uwa a cike. Kafin ki zauna, ki ajiye masa ruwan sha da ɗan abin taunawa da abin wasa kusa da ke. Ki zaunar da shi a gefenki, ki yi masa tatsuniya ko ki nuna masa hotuna. Waya ba ita ce mafita ba: ƙa'idodin da aka ambata sun ce kada a saba wa yaron da bai kai shekara biyu ba da kallon allo, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Yaye, kwanika da tamowa

A nan ne babban haɗari ga babban yaron yake. A shekara ta 1933, wata likita 'yar ƙasar Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda take aiki a Akara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bayyana wata cuta da take kama yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara. A shekara ta 1935 ta kira cutar da sunan da mutanen ƙabilar Ga suke kiranta, wato kwashiyoko, wanda ma'anarsa ita ce ciwon da babba yake kamuwa da shi idan an yi masa ƙani. Nau'i ne na tamowa mai tsanani. Alamunta su ne kumburin ƙafafu da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaron ya yi lakwas ba ya son wasa ko abinci.

Idan mace ta yi ciki tana goyo, abin da ake kira kwanika ko rurrutsa, akan ce nononta ya lalace, sai a yaye yaron rana ɗaya, wani lokaci a kai shi gidan kaka. Ciki ba ya mai da nono guba. Nonon yakan ragu, ɗanɗanonsa ya canja, amma mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai idan ma'aikacin lafiya ya hana saboda zubar jini ko barazanar haihuwa kafin lokaci. Abin da yake jawo gudawa da rama shi ne yaye na farat ɗaya, da abinci marar gina jiki, da ruwa marar tsabta. Idan za a yaye, a rage shayarwa sannu a hankali cikin makonni. Idan kuma an ci gaba har bayan haihuwa, jariri ne zai fara sha.

Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar abinci sau uku ko huɗu a rana, da abin taunawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Kunu tsararo ba ya isa. A yi shi da kauri, a haɗa da garin gyaɗa ko waken suya, a riƙa ba shi ƙwai, wake, kifi, nono ko madara, ganyen zogale ko alayyafo, kabewa, gwanda da mangwaro, gwargwadon abin da ake samu. A zuba masa a kwanonsa dabam, domin idan yana ci da manyan yara ba za a san abin da ya ci ba. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi. Idan awon bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafu biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani kuma asibiti take bukata nan take.

Lafiyar jariri

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawara a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Kada a zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, domin yana ɗauke da abubuwan kariya daga cututtuka. Jariri ba ya bukatar ruwa ko da a lokacin bazara ne. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. A bar cibiya a bushe da tsabta, ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma mai zafi. A yi amfani da man shafa cibiya na kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti. A kwantar da jariri rigingine, a cikin gidan sauro mai magani.

A garzaya asibiti idan jariri ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko yana jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa.

A Nijeriya ana yi wa jariri riga-kafi da zarar an haife shi, sannan a mako na 6 da na 10 da na 14, sai wata 9, sai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Wannan ta ƙarshen ce ake yawan mantawa da ita idan uwa tana da ciki ko tana jego. Ku ajiye katin yaran biyu wuri ɗaya, ku tafi da su tare. Babban yana bukatar bitamin A duk wata shida, da maganin tsutsar ciki, da kuma maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa wata-wata da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Riga-kafin babban kariya ce ga ƙaramin, domin shi ne yake ɗebo mura da tari daga waje.

Haɗurran da za a kiyaye

Kada a bar yaran biyu su kaɗai a ɗaki, ko da na minti ɗaya ne. Babban yana iya ƙoƙarin ɗaukar jaririn, ko ya rufe masa fuska da zane, ko ya sa masa gyaɗa a baki don ya ga shi ma ya ci. Da kyakkyawar niyya yake yi, amma sakamakon yana iya zama mummuna.

Tukunyar ruwan wankan jego da garwashin jin ɗumi suna ƙona yara. Bokiti ko baho mai ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai tatata idan ya faɗa da ka, don haka a zubar ko a rufe, rijiya kuma a yi mata murfi. Magungunan mai jego, musamman ƙwayoyin ƙarin jini, a ɗaga su sama. Kada a zuba kananzir ko fetur a kwalbar lemo. Kada a kwana da gawayi mai ci a rufaffen ɗaki, kuma janareta ya zauna a waje nesa da taga.

Lafiyar mai jego

Gida ba ya tsayuwa idan uwa ta kwanta. Ana son a duba ta ita da jaririn cikin awa 24 na farko, da rana ta uku, da tsakanin rana ta 7 zuwa ta 14, da kuma mako na shida. Zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, fitar ruwa mai wari, kumburin jiki da sarƙewar numfashi, duk alamu ne da ba a jira da su.

Tun a shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa, wanda gishirinsa yake tara ruwa a jiki. Wanka da ruwan ɗumi ya wadatar. Mai hawan jini ta guji kanwa.

Mata da yawa sukan ji kuka ko ɓacin rai ba dalili a kwanakin farko, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ta daina jin daɗin kome, ba ta iya barci ko da yaran sun yi, ko tana tunanin cutar da kanta ko jaririn, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana samun wajen mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa. Ba rashin godiya ba ne, ba kuma raunin hali ba. Yana da magani, kuma a kai ta ga likita.

Aikin maigida da dangi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kawo cefane da ragon suna ba su ne iyakar aikin uba ba. Shi ne ya fi dacewa ya zama madogarar babban a wannan lokacin: ya yi masa wanka, ya fita da shi, ya tashi idan ya farka da dare. A shekara ta 2021 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu. Wanda ba ya aikin gwamnati ma yana iya rage fita a makonnin farko.

Masu son taimakawa su tambayi abin da ake bukata. Ɗebo ruwa, wanki, dafa abinci da ɗaukar babban na awa biyu don uwa ta runtsa sun fi zaman hira amfani. Idan za a kai babban wurin kaka, ya zama na ɗan lokaci, wurin wadda ya saba da ita, kuma a san abin da yake ci a can. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara shida ko bakwai renon yaran biyu.

Mata da miji kuma su yi wa juna uzuri. Rashin barci yana sa ƙaramar magana ta zama babba. Ku tattauna batun kuɗi da rabon aiki da rana, lokacin da hankali yake kwance.

Horo ba tare da duka ba

Idan babban ya mintsini jaririn ko ya doke shi, a riƙe hannunsa nan take, a ce masa a taƙaice: "Ba a duka, yana jin zafi." Sai a nuna masa yadda ake shafawa. Dukan yaro don a hana shi duka yana koya masa abin da ake so ya bari, yana kuma ƙara masa jin haushin ƙaninsa. Ku yaba masa idan ya miƙo zane ko ya yi wa jaririn waƙa. Ku rage cewa "kai babba ne yanzu", domin ɗan shekara biyu har yanzu ƙarami ne. Kada kuma a riƙa fakewa da jaririn a kowane hani. Maimakon "ba zan ɗauke ka ba saboda jariri", a ce "zan ɗauke ka idan na gama."

Idan kukan jariri ya kai ku maƙura, ku kwantar da shi a wuri mai aminci, ku fita ku sha iska na 'yan mintoci, ko ku miƙa shi ga wani. Kada a taɓa jijjiga jariri da ƙarfi, domin hakan yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa.

Tazarar haihuwa

Bayan wani taron masana a shekara ta 2005, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, domin jikin uwa ya farfaɗo kuma na goye ya samu nononsa. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan abubuwa uku sun haɗu: jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Idan ɗaya ya faɗi, ciki yana iya shiga. Zuwa awo na mako shida dama ce mai kyau da mata da miji za su je tare su tattauna da ma'aikacin lafiya.

Watanni ukun farko ne suka fi wuya. Daga wajen mako na shida zuwa na takwas jariri yakan soma murmushi, daga baya ya riƙa bin yayansa da ido yana dariya, barcinsa na dare kuma ya ƙara tsawo. Kafin lokacin, ku kula da abincin babban, ku tsare lokacin barcinsa, ku sa ido a kan lafiyar uwa, kuma ku karɓi taimako idan an miƙo.